Daga tankaɗe zuwa rukunin buƙata: tarihin amfani da sakamakon ɗalibai a kolejojin Arlit da Akokan (1969-2025)

Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyarwa a kolej cikin Nijar ya san yawan alƙaluman da makaranta ke tarawa a kan ɗalibi guda: makin tambayoyin ba-zata, makin aikin da ake yi gaban mai tsaro, makin jarrabawar ƙarshen zango, matsakaicin maki bisa 20, da kuma matsayin yaro cikin aji, tun daga na 1 har zuwa na ƙarshe. Tambayar da muke son dubawa cikin wannan takarda ita ce: me aka riƙa yi da waɗannan alƙaluma? Ra'ayinmu shi ne, tsawon tarihin lakkol a ƙasar nan, an yi amfani da su ne domin a san wanda zai wuce, da wanda zai maimaita aji, da wanda za a kora. Tunanin a yi amfani da su domin a raba aji zuwa ƙananan rukunoni, a koya wa kowane rukuni abin da ya rasa, daga baya ya zo, kuma har yanzu ya fi ƙarfi a firamare bisa ga sakandare.

Mun zaɓi Arlit da Akokan saboda garuruwa ne da aka gina su da gangan domin aikin uraniyom, aka tara mutane daga ko'ina cikin ɗan lokaci. Bambancin da ake samu tsakanin ɗaliban aji ɗaya a kowane gari, a nan ya fito fili ƙwarai, kuma ana iya bin sawunsa shekara bayan shekara.

1. Gari biyu cikin gari guda

A shekarar 1957 masu binciken ma'adinai na Faransa suka gano alamun uraniyom a Azelik, kusa da Ingal, lokacin da suke neman tagulla. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, aka soma gina garin Arlit a 1969, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas, aka kuma fara fitar da ma'adinin a 1971. Kamfanin COMINAK, wanda aka kafa a 1974, ya soma aiki a ramin ƙarƙashin ƙasa na Akuta a 1978, tare da nasa garin, wato Akokan. A Cirozerin kuwa, kamfanin SONICHAR ya riƙa haƙo gawayin ƙasa domin ba mahaƙan wutar lantarki tun daga 1981. A daidai wannan lokaci ne aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit, wadda ake kira hanyar uraniyom.

Kamfanonin sun gina unguwanninsu da gidaje, da ruwan famfo, da lantarki, da asibiti, da kantuna, da makarantu, kuma an raba gidajen bisa ga muƙamin ma'aikaci: manyan ma'aikata daban, shugabannin aiki na tsakiya daban, leburori daban. Bayan waɗannan unguwanni sai wani gari ya tsiro da kansa, na ƴan kasuwa, da masu sana'ar hannu, da masu jiran a ɗauke su aiki. Sunan unguwannin Bukkoki kaɗai ya isa ya nuna irin ginin da aka fara da shi. Farin 1973-1974 da na 1984-1985 sun turo iyalan Abzinawa makiyaya da suka rasa dabbobinsu zuwa bakin garin. Ƙidayar 1988 ta samu mutum fiye da 30,000 a Arlit, ta 2001 kusan 70,000, ta 2012 kuwa kusan 80,000.

Kolej ita ce mahaɗar waɗannan duniyoyi. A benci guda ana iya samun ɗan injiniya wanda ya tashi yana jin faransanci a gida, yana karatun dare ƙarƙashin lantarki, da ɗan lebura Bahaushe ko Bazabarme da ya zo daga kudu tsakiyar shekara, da ɗan makiyayi mai harshen tamajak wanda ya yi firamare a makarantar ƙauye mai ɗakin abinci, ya koyi hausa a kan titi kafin ya saba da faransanci. Hausa ita ce harshen kasuwa da na filin wasa, faransanci shi ne na allon aji da na jarrabawa. Ke nan tun ranar farko ta aji shida, wato ajin farko na kolej (sixième), ɗaliban ba daga wuri ɗaya suka taso ba, alhali manhaja ɗaya aka shirya musu, da saurin tafiya ɗaya.

2. Gadon lakkol: maki a matsayin rariya

Abin lura shi ne, lakkol ɗin farko da Faransa ta buɗe a Afirka ta Yamma bai fara da tsarin aji mai tafiya ɗaya ba. A shekarar 1817 Jean Dard ya buɗe makaranta a Saint-Louis ta Senegal bisa hanyar da ake kira koyarwar juna (enseignement mutuel). A wannan tsari ana raba yara rukuni-rukuni bisa ga abin da suka iya a kowane darasi, ta yadda yaro zai iya zama gaba a karatu, baya a lissafi, kuma ɗalibin da ya fi sani shi ke jan rukuni ƙarƙashin idon malami. Dard ya kuma yi amfani da harshen wolof wajen koyarwa. Tsarin bai daɗe ba. Daga 1841, da aka danƙa makarantun Senegal ga limaman kirista na Ploërmel, sai aka koma ga malami ɗaya, darasi ɗaya, aji ɗaya, kuma wannan shi ne abin da ya iso Nijar.

Lakkol ɗin zamanin mulkin mallaka yana buƙatar mutane kaɗan ne: magatakarda, da tafintoci, da malamai, da ma'aikatan asibiti. Saboda haka aka gina shi kamar tsani, kowane mataki da jarrabawar gasa, har zuwa makarantar William Ponty, inda Bubu Hama da Jori Hamani da Jibo Bakari suka yi karatu. Lokacin samun ƴancin kai a 1960, yaran Nijar da ke zuwa lakkol ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. A irin wannan tsari aikin maki shi ne tankaɗe: gari ya wuce, tsaki ya tsaya. Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, ya soki wannan gado cikin littafinsa kan ilimi a Afirka, na 1964, ya kuma nemi a koyar da yara cikin harsunansu.

A gefe ɗaya, iyayen yaran Arlit sun san wani tsari daban tun kafin zuwan nasara. A makarantar allo kowane yaro da allonsa da inda ya tsaya. Mai babbaƙu yana zaune kusa da mai farfaru, malam ba ya ƙara wa yaro sai ya biya abin da ke kan allonsa, ba a kuma wanke allo sai karatu ya zauna. Gardi na taimaka wa ƙolo da titibiri. Wannan tsari yana da nasa aibi, kamar dogaro da hadda da yawan bulala, amma ƙa'idarsa a fili take: a auna yaro domin a san abin da za a ba shi gaba. Lakkol bai ari wannan ƙa'ida ba, ko da yake ɗalibai da yawa suna zuwa wuraren biyu a yini guda.

An yi yunƙurin gyara bayan ƴancin kai. Akwai koyarwa ta talabijin daga 1964 zuwa 1979, da makarantun gwaji masu koyarwa cikin harsunan gida, waɗanda aka fara da hausa a Damagaram a 1973, da cibiyar INDRAP ta 1974, da muhawarar ƙasa kan makaranta da aka yi a Damagaram a 1982. Amma duk waɗannan sun fi shafar firamare da batun harshe. Kolej ta ci gaba da dokarta: mai matsakaicin 10 bisa 20 ya wuce, na ƙasa da haka ya maimaita ko a sallame shi, bisa shawarar taron malamai na ƙarshen shekara.

Muddin mahaƙa na ɗaukar ma'aikata, wannan tankaɗe bai yi wa Arlit zafi sosai ba. Wanda ya ci gaba zai iya shiga makarantar ma'adinai ta Agadas, wato EMAIR, ko lise, ko jami'a. Wanda aka sallama kuma yana da begen samun aikin hannu a kamfani, ko wajen ƴan kwangila, ko a gareji. Mahaƙa ita ce ta riƙa ɗauke abin da makaranta ta zubar.

3. Shekarun tsuke bakin aljihu

A ƙarshen shekarun 1970 uraniyom na samar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin kayan da Nijar ke fitarwa, kuma a 1981 abin da aka haƙo ya wuce tan 4,000. Daga nan farashi ya faɗi. Gwamnati ta shiga shirin gyaran tattalin arziki na Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni, kamfanonin ma'adinai kuma suka yi ta rage ma'aikata har cikin shekarun 1990. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka harbi ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy ta Yamai, kuma cikin abin da suke ƙi har da sharuɗɗan da aka gindaya wa fannin ilimi. Taron ƙasa na 1991, da tawayen arewa har zuwa yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, da karya darajar kuɗin sefa a Janairu 1994, da bashin albashi, da yajin aiki, da shekarun karatun da aka soke, duk sun faɗo wa makaranta cikin shekaru kaɗan.

Sakamakon wannan ga aji iri biyu ne. Na farko, yawan ɗalibai ya ƙaru, lokacin karatu ya ragu, don haka malami ya koma tseren gama manhaja kafin jarrabawar BEPC. Mai tsere da manhaja kuwa da ɗaliban benci na gaba yake tafiya. Na biyu, gyaran giɓin da aji ya bari ya koma kasuwa, ta hanyar darasin gida da ake biya. A gari irin Arlit, inda albashin kamfani ya yi wa kuɗin shigar sauran jama'a nisa, wannan na nufin koyarwa cikin ƙaramin rukuni ta samu, amma ga mai kuɗi. An raba yara ne bisa ga aljihun uba, buƙatar yaro kuwa ba ta shiga lissafi ba.

4. Ƙofa ta buɗe, alƙaluma sun yawaita

Dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yuni 1998, wadda aka sani da LOSEN, da shirin ilimi na shekara goma da aka fara a 2003, sun buɗe ƙofar firamare ga ɗimbin yara, aka kuma ɗauki malaman kwantaragi da yawa, galibinsu ba tare da dogon horo ba. Bayan shekaru kaɗan wannan ambaliya ta iso kolej. Daga 2014 aka daina jarrabawar ƙarshen firamare, wato CFEPD, aka dogara da makin cikin shekara wajen shiga aji shida, har sai da aka maido da ita a 2024. Rariyar farko ta faɗaɗa, amma aikin cikin aji bai sauya ba, don haka tankaɗen ya dawo aji shida, inda maimaitawa da barin makaranta suka yi yawa.

A daidai lokacin ne aka samu sabon nau'in alƙaluma. Shirin PASEC, wanda ministocin ilimi na ƙasashe masu amfani da faransanci suka kafa a 1991, ya auna ɗaliban ƙasashe 10 a 2014. A Nijar, waɗanda suka kai matakin da ake buƙata a karatu da lissafi a ƙarshen firamare ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. A awon 2019 adadin ya tashi zuwa kusan kashi 30 a karatu. Ko da wannan ci gaba, ma'anar ita ce mafi yawan masu shiga kolej ba sa iya karanta littafin da aka rubuta domin su. Sai dai irin wannan awo na ƙasa ne, ana yin shi da samfuri, domin amfanin ma'aikata da masu ba da tallafi. Ba ya gaya wa malamin lissafi na Akokan ko wane ne cikin ɗalibansa bai iya rabawa ba.

Garin ma kansa ya sake sauya fuska. An yi tawaye na biyu daga 2007 zuwa 2009, an sace ma'aikatan kamfani a Satumba 2010, an kai hari kan SOMAIR ranar 23 ga Mayu 2013. A 2014 aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten, abin da ya ja samari da yawa zuwa daji. Tun daga wannan shekara kuma ƴan Nijar da ake maidowa daga Aljeriya ta Asamaka, cikinsu har da mata da yara, suke ratsa Arlit. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa yana barin alama cikin rajistar aji: yaron da ya ɓace wata uku, da wanda ya iso da takardar sakamako daga wani gari, da wanda ya iso babu takarda ko ɗaya.

5. Asalin tunanin rukunin buƙata

Tunanin auna ɗalibi domin gyara koyarwa yana da nasa tarihi. A Amurka, Michael Scriven a 1967 da Benjamin Bloom a 1968 suka bambanta awon yanke hukunci da awon gyara hanya. A Faransa, bayan dokar Haby ta 1975 ta haɗa dukan yara cikin kolej iri ɗaya, malamai suka tsinci kansu gaban azuzuwa masu ɗalibai mabambanta. Louis Legrand, cikin rahotonsa na 1982, da Philippe Meirieu daga baya, suka yaɗa abin da ake kira koyarwa bisa bambancin ɗalibai (pédagogie différenciée) da rukunin buƙata (groupe de besoin): rukuni na ɗan lokaci, mai manufa ɗaya, wanda ake rushewa da zarar an cike giɓin. Malamanmu sun ji waɗannan kalmomi wajen horo, amma an ƙirƙire su ne domin aji mai ɗalibai 25 ko 30.

Shaidar da ta fi kusa da halinmu daga Indiya da Kenya ta zo. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da hanyar koyarwa daidai da matakin yaro: gajeren awo na baki, sannan a raba yara bisa ga abin da suka iya, ko harafi, ko kalma, ko sakin layi, ko labari, a riƙa sake awon ana matsar da su. Binciken Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer a makarantun firamare 121 na yammacin Kenya, wanda aka buga a 2011, ya nuna cewa raba yara bisa matakinsu ya amfani na gaba da na baya duka. Wani bincike da aka yi a birnin Delhi, aka buga a 2019, ya gano cewa cikin aji ɗaya na ƙaramar sakandare ana samun ɗaliban da tazarar iliminsu ta kai shekara 5 ko 6. A Nijar, shirin makaranta domin kowa, wanda hukumar JICA ta Japan ta fara tallafawa a jihar Tawa a 2004, ya ƙarfafa kwamitocin kula da makarantu, wato COGES, daga baya kuma ya shigo da awon mataki, da bayyana sakamako gaban taron iyaye, da ƙarin sa'o'in karatu, ya kuma haɗa kai da Pratham a 2018. Amma a firamare aka fi yin wannan aiki.

Akwai kuma gargaɗi. Marie Duru-Bellat da Alain Mingat sun nuna a 1997 cewa a kolejojin Faransa, ware aji na masu ƙoƙari da aji na marasa ƙoƙari yana ƙara tazara tsakaninsu. Da Faransa ta tilasta rukunoni a darasin faransanci da lissafi na aji shida da aji biyar a 2024, rahoton masu duba makarantu na 2025 ya nuna cewa ɗalibai mafi rauni ba su ci moriyar tsarin yadda aka zata ba. Wannan gargaɗi ya shafi Arlit kai tsaye. Idan rukuni ya zama na dindindin, to taswirar gari ce za ta dawo cikin aji: ƴan unguwar kamfani a wannan kusurwa, ƴan Bukkoki a waccan.

6. Abin da tarihin ke nunawa

Mu ɗauki misali: ɗalibai uku sun samu 6 bisa 20 a lissafi. Na farko ya iya lissafin amma bai fahimci faransancin tambayar ba. Na biyu ya karanta tambayar sarai amma bai iya rabawa ba tun firamare. Na uku ba ya nan lokacin da aka yi darasin. Takardar sakamako ta mai da su abu ɗaya, alhali magani uku suke buƙata. Matsakaicin maki yana ɓoye wannan bayani, takardar amsar yaro kuwa tana ɗauke da shi. Ke nan alƙaluman da ake buƙata suna hannun malami tun tuni, abin da ya rage shi ne a karanta su tambaya bayan tambaya, a jera kurakurai iri-iri, maimakon a tara jimla a wuce.

Wannan ba ya buƙatar kwamfuta. Yana buƙatar gajeren awon karatu da lissafi a makonnin farko na aji shida, da sa'o'i ƙayyadaddu cikin jadawalin mako, da rukunoni 3 ko 4 da ake sake zubawa bayan ƴan makonni, da ɗalibai masu jan rukuni kamar yadda gardi ke yi, da izinin yin bayani cikin hausa ko tamajak inda faransanci ya toshe hanya. Dokar ƙasa ta Maris 2025, wadda ta ɗaga hausa zuwa harshen ƙasa, ta bar faransanci cikin harsunan aiki, ta sake buɗe wannan muhawara. Tarurrukan malaman darasi ɗaya (unités pédagogiques) su ne wurin da ya dace a shirya awon a kuma tattauna sakamakonsa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Batun kuɗi kuma yana da madogara: dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ma'adinai domin ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa.

Kammalawa

A ramin SOMAIR, motar da ta ɗauko dutse takan bi ta ƙarƙashin na'urar awo domin a san irin sarrafawar da ta dace da kayanta, kuma daga 2009 har dutse maras ƙarfi an koma tatsar shi ta hanyar tara shi tudu ana zuba masa ruwan asid. Kamfani ya yi awo domin ya san aikin da zai yi, makaranta kuwa ta yi awo domin ta san wanda za ta rabu da shi. Yaro ba dutse ba ne, matakinsa na sauyawa idan an koya masa, kuma wannan ya ƙara wa awon gyara muhimmanci.

An rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila. A Yuni 2025 gwamnati ta mai da SOMAIR mallakar ƙasa. Ko yaya makomar ma'adinin ta kasance, mahaƙa ba za ta sake ɗauke duk wanda kolej ta sallama ba kamar a shekarun 1970. Yaron da ya bar aji shida bai iya karatu ba, hanyar daji ko ta kan iyaka ce ke gabansa. Saboda haka muke ganin aikin da ke gaban sashenmu da ɗalibanmu masu bincike shi ne su koma ga rajistocin maki da takardun taron malamai na kolejojin Arlit, da Akokan, da Cirozerin, su bi ɗalibai bisa ga unguwa, da harshen gida, da makarantar da suka fito, domin a san a wane wata ne na aji shida tazara ke buɗewa, a kuma san inda ya kamata rukunin farko ya zauna.